Ku fara da barci: jagora kan nauyin jiki da kaifin tunanin matasa

Abubuwa uku iyaye da malamai suka fi kokawa a kai idan yaro ya shiga shekarun balaga: ya yi jiki fiye da kima, ba ya tashi da safe sai an kai ruwa rana, karatunsa kuma ya ja baya. Kowanne da sunan da ake laƙaba masa. Ƙiba a ce haɗama ce, nauyin barci a ce lalaci ne, faɗuwar maki a ce wasa ne ya yi yawa. Sai a yi ta faɗa ta fuska uku, yaron kuwa ya ƙara shigewa ɗaki ya ja ƙofa. Sau da yawa ukun nan a sarƙe suke da juna, kuma wanda ya fi sauƙin kamawa a cikinsu shi ne barci. Shi ya sa wannan jagora ta fara daga kan gado, sikeli ya biyo baya.

A shekarar 2024 masu bincike a Jami'ar Alabama da ke birnin Bamingham a Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji a mujallar JAMA Neurology. Sun ɗauki matasa 61 'yan shekara 14 zuwa 19, wasu nauyinsu daidai yake, wasu ya zarce. Kowannensu an gwada ƙwaƙwalwarsa sau biyu: bayan daren da aka ba shi awa 9 na barci, da bayan daren da aka taƙaita masa zuwa awa 4. Bayan gajeren daren, masu ƙiba sun fi sauran yin ƙasa wajen maida hankali da saurin sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. Bayan cikakken daren kuwa, ba a ga bambanci tsakanin rukunan biyu ba. Gwajin ƙarami ne, amma abin da ya nuna yana da nauyi a wajena: matashi mai ƙiba ba daƙiƙi ba ne. Rashin barci ne ke yi masa illa fiye da yadda yake yi wa abokinsa, kuma idan ya samu barcinsa cikakke yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da kowa a aji.

Lamarin ba na gida ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 19 sama da miliyan 390 ne nauyinsu ya wuce kima, miliyan 160 daga cikinsu kuma ƙiba ce sosai. A 1990 kashi 8 cikin ɗari ne na masu waɗannan shekarun, a 2022 ya kai kashi 20.

Abin da ke haɗa su

Kafin a shiga matakai, yana da kyau ku san abin da ke faruwa a cikin jiki, domin wanda ya gane dalili ya fi haƙuri da yaron.

Da zarar balaga ta fara, agogon jiki yana ja baya. Sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi don shirya jiki ya kwanta, yana makara da awa ɗaya zuwa biyu idan aka kwatanta da lokacin ƙuruciya. Mary Carskadon ta Jami'ar Brown na cikin waɗanda suka nuna haka tun farkon shekarun 1990. Saboda haka yaron da a da yake ɓingirewa ƙarfe 9, yanzu idonsa biyu har ƙarfe 11, ba don taurin kai ba. Makaranta kuwa ba ta ja lokacinta baya ba. Kwalejin likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. Wanda ya kwanta ƙarfe 12 ya tashi ƙarfe 6 ya ci bashin awa biyu aƙalla, kuma gobe ma haka.

Wannan bashin yana biyowa ta ciki. A 2004 masu bincike a Jami'ar Shikago suka taƙaita barcin wasu samari 12 zuwa awa 4 na dare biyu. Sinadarin leftin, mai shaida wa ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, ya ragu da kashi 18 cikin ɗari. Girelin, mai tada yunwa, ya ƙaru da kashi 28. Abin da suka fi marmari shi ne zaƙi da gishiri da kayan sitaci. A matasa ma an ga irin haka: a wani gwaji da aka yi a asibitin yara na Sinsinati, wanda aka wallafa a 2013, 'yan shekara 14 zuwa 16 sun fi cin kayan zaƙi a makon da aka taƙaita musu kwanciya zuwa awa 6 da rabi fiye da makon da aka ba su awa 10. Ga kuma abin da ba ya buƙatar ɗakin gwaji: wanda ke farke ƙarfe 1 na dare ya samu ƙarin lokacin ci, wanda ya wayi gari a gajiye kuma ba shi da ƙarfin guje-guje.

Ƙwaƙwalwa ita ma tana biyan nata. Sashenta na gaba, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe da tsara aiki da danne son rai da tsayar da hankali wuri ɗaya. Bai gama girma ba sai mutum ya haura shekara 20, kuma yana cikin sassan da rashin barci ke fara taɓawa. Shi ne sashen da ke taimaka wa ɗalibi ya bi lissafi mai hawa-hawa, shi ne kuma ke ce masa ya isa haka idan ya miƙa hannu zai ƙara abinci. Idan ya yi rauni, maki da nauyi tare suke jin jiki. A Singafo, wani bincike da aka wallafa a 2016 ya taƙaita barcin ɗalibai 'yan shekara 15 zuwa 19 zuwa awa 5 na dare bakwai a jere. Maida hankalinsu ya yi ta raguwa kullum, kuma dare biyu na ramuwa bai dawo da shi yadda yake ba.

Sai kuma abin ya juyo: ƙiba da kanta tana ɓata barci, ta hanyar matse hanyar numfashi da ƙwannafi da jin zafi da dare. Da haka kowanne ke ciyar da ɗan'uwansa.

Mataki na farko: ku rubuta, kada ku canza komai tukuna

Ku ɗauki mako biyu kuna rubutu kawai. Takarda ɗaya ta isa, kuma ya fi kyau matashin ne zai cike ta da hannunsa kowace safiya. Abin da za a rubuta: lokacin da ya hau gado, lokacin da yake jin barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, lokacin da ya tashi, ko ya yi barcin rana, abin sha mai kafeyin, kamar kofi ko shayi, da ya sha da lokacin da ya sha shi, da abin da ya ci bayan abincin dare. A gefe ya ba kansa maki daga 1 zuwa 5 kan yadda hankalinsa ya tsaya a darasin farko.

Ku yi masa alkawari tun farko cewa abin da ya rubuta ba zai zama dalilin hukunci ba, kuma ku cika. Idan ya rubuta ƙarfe 2 na dare aka yi masa tsawa, gobe ƙarfe 10 zai rubuta, takardar ta tashi a banza.

Bayan mako biyu ku duba abu biyu. Na ɗaya, awa nawa yake samu a daren makaranta. Na biyu, tazarar da ke tsakanin lokacin tashinsa a ranar makaranta da ranar hutu. Idan ta kai awa biyu ko fiye, alama ce ta bashin barci, kuma agogon jikinsa na kai-komo kowane mako.

Mataki na biyu: ku auna jiki yadda ya dace, sau ɗaya

Ido yana ruɗi, musamman idon mai ƙauna. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne BMI: a ɗauki nauyi a kilo, a raba shi da tsawo a mita wanda aka ninka da kansa. Mai kilo 60 da tsawon mita 1.6 zai raba 60 da 2.56, ya samu 23.4. A nan ne ake yawan kuskure. Ga babba, 23.4 lafiya lau ne, domin iyakar manya 25 ce. Ga yaro ɗan shekara 13 kuwa, wannan lamba ta riga ta shiga sahun nauyin da ya wuce kima a jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007. Dole a ɗora lambar a kan jadawalin shekaru da jinsi, kuma ma'aikacin lafiya ne ya fi dacewa ya yi wannan.

BMI bai san bambancin tsoka da kitse ba, don haka ku ƙara da awon ƙugu. A zagaya igiyar awo a tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Abin da ake so shi ne kada ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160, ƙugunsa ya kasance ƙasa da 80.

Ku tuna kuma jikin yarinya yana tara kitse a lokacin balaga, halitta ce, ba cuta ba. Yara da yawa kuma kan yi ɗan jiki gab da miƙewar tsawonsu. Da an auna an rubuta, ku ɗauke sikelin daga inda ake ganinsa kullum. Hawa sikeli kowace safiya babu abin da yake ƙara wa matashi sai fargaba.

Mataki na uku: ku saurari numfashinsa da dare

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma idan matsalar a nan take, duk sauran ƙoƙarin ba zai yi nisa ba. Akwai matashin da ke kwana awa 9 cif a gado amma ya tashi tamkar bai runtsa ba. Dalilin na iya zama toshewar numfashi cikin barci. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaro kan saki. Idan hanyar iska ta riga ta ƙuntata, saboda kitsen da ya taru a wuya da gindin harshe, ko saboda girman tsokar nan ta cikin maƙogwaro da ake kira tonsil, sai ta rufe na ɗan lokaci. Iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe shi na 'yan daƙiƙoƙi don ya ja numfashi, ya koma barci bai ma sani ba. Hakan na iya maimaituwa sau da yawa a cikin awa guda. Barcin ya zama guntu-guntu, mai nauyin cikinsa ya yi ƙaranci.

Da saninsa da yardarsa, wani babba ya tsaya kusa da ɗakinsa na 'yan mintuna a darare biyu ko uku, bayan barci ya yi nisa. Ku lura da minshari mai ƙarfi a yawancin darare, da shiru na ɗan lokaci wanda ke ƙarewa da shaƙewa ko jan numfashi da ƙarfi, da barci da baki a buɗe, da yawan juye-juye da gumi. Da safe ku tambaye shi ko yana tashi da ciwon kai ko bushewar baki. Fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina shi ma alama ce, kuma a yi tambayar a keɓe, cikin mutunci. A matasa, wannan cuta ba kullum take fitowa da gyangyaɗi ba. Wani lokaci saurin fushi ne, ko rashin natsuwa, ko mantuwa, har a ɗauka rashin tarbiyya ne.

Minshari ba alamar barci mai daɗi ba ce. Idan kun ji waɗannan alamu, ku ɗauki sautin a waya na minti ɗaya ko biyu ku kai wa likita. Akwai gwajin barci na dare guda da ake auna numfashi da iskar jini da aikin ƙwaƙwalwa. Magani ya danganta da dalili: cire tonsil, ko maganin toshewar hanci, ko na'urar da ke hura iska ta hanci don hanyar ta zauna a buɗe, tare da rage nauyi a hankali. Kada ku ce sai ya rame tukuna a je asibiti. Wanda numfashinsa ke yankewa da dare, rage nauyi ya fi yi masa wuya.

Mataki na huɗu: ku tsayar da lokacin tashi, sannan ku lissafa baya

Ba a tilasta wa ido barci, amma ana iya tsayar da lokacin tashi. Ku fara da shi. Idan dole ya tashi ƙarfe 6, awa 8 na nufin barci ya ɗauke shi kafin ƙarfe 10, wato a kashe fitila da misalin 9:40. Idan takardarsa ta nuna ƙarfe 12 yake kwanciya, kada ku ce daga yau ƙarfe 9 da rabi. Zai kwanta yana kallon rufi, ya tsani gadon, ya ɗauko waya. Ku riƙa jawo lokacin da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku. Cikin mako uku zuwa huɗu za a iso inda ake so, kuma jiki ya biyo.

Abin da ke jawo agogon jiki gaba shi ne hasken safe. Da ya tashi a buɗe labule, kuma ya samu minti 20 zuwa 30 a waje cikin awa ta farko, ko da tafiya ce zuwa makaranta. Hasken waje, har a ranar da gari ya lumshe, ya ninka na fitilar ɗaki sau da yawa. Wannan mataki ba ya cin ko kwabo, kuma a ganina ya fi duk wata dabara da ake yi da dare tasiri.

Ranakun hutu su ne ke rushe aikin. A bar shi ya ƙara awa ɗaya, iyaka biyu, a kan lokacin tashinsa. Wanda ya kai ƙarfe 12 na rana yana barci ranar hutu ba zai ji barci da wuri ba a daren da makaranta za ta koma, sai mako ya fara da sabon bashi. Idan gajiya ta yi yawa, barcin rana na minti 20 zuwa 30 kafin ƙarfe 3 ya fi wannan. Wanda ya wuce haka, ko aka yi shi da yamma lis, daga barcin dare yake ciro shi.

Akwai ɓangaren da ya fi ƙarfin gida, kuma ya kamata a faɗe shi. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin 8:30. A 2016 birnin Siyatil ya mayar da lokacin shiga aji daga 7:50 zuwa 8:45, aka kuma auna aka ga ɗalibai sun samu ƙarin minti 34 na barci, makinsu ya ɗan ɗaga. Jihar Kalifoniya ta mai da jinkirta fara darasi doka a 2019. Idan kuna da murya a taron iyaye da malamai, wannan magana ce da ta cancanci a tayar, ko da ta tsaya ne a kan rage jibgin aikin gida.

Mataki na biyar: awa ta ƙarshe kafin kwanciya

Ana yawan maganar hasken allon waya, kuma gaskiya ne haske mai ƙarfi da dare yana jinkirta melatonin. Amma abin da ke cikin wayar ya fi hasken ɓarna. Bidiyo da ke biyo bidiyo, hirar da ba ta da ƙarshe, wasan da ake gab da cinyewa, duk an ƙera su ne don kada a ajiye. Matashin da sashen danne son ransa bai gama nuna ba, kuma ga gajiya, ba adalci ba ne a bar shi da wannan kokawar shi kaɗai ƙarfe 11 na dare.

Hanyar da ta fi aiki ita ce waya ta kwana a wajen ɗakin barci. A ware wuri ɗaya a gidan da ake sa caji, a ajiye awa ɗaya kafin kwanciya, a sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa don kada a ce da wayar ake tashi. Dokar ta hau kan kowa. Uban da ke latsa waya a gado ba shi da bakin hana ɗansa. Ku zauna ku tsara lokacin tare da shi, ku bar shi ya zaɓi tsakanin ƙarfe 8 da rabi da ƙarfe 9, misali, domin dokar da ya sa baki a cikinta ta fi daɗewa. Ya kuma shaida wa abokansa cewa daga ƙarfe kaza ba za a same shi ba, saboda tsoron a ce ya share mutane na cikin abin da ke hana su ajiyewa.

A rage fitilu, ɗaki ya zama mai duhu da sanyi-sanyi gwargwadon hali. Idan ya yi kusan minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna ya karanta wani abu marar tada hankali a haske kaɗan, sai ya ji idonsa ya yi nauyi ya koma.

Sai kafeyin, wanda ke cikin kofi da shayi da yawancin lemon kwalba mai duhu da abubuwan sha masu ƙara kuzari. Jiki na ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya kawar da rabinsa. Abin da aka sha ƙarfe 5 na yamma, rabinsa na nan a jini ƙarfe 10. A daina shi daga azahar zuwa sama. Abubuwan sha masu ƙara kuzari kuwa, likitocin yara sun daɗe da cewa ba na yara da matasa ba ne, ga kafeyin mai yawa ga sukari. Kada kuma a ba matashi maganin barci ko ƙwayar melatonin ba da umarnin likita ba.

Mataki na shida: abinci, ba tare da horon yunwa ba

Ku jinkirta wannan har barci ya fara daidaita, domin a lokacin marmarin zaƙi ya ɗan lafa, aikin ya fi sauƙi. Canjin da ya fi ba da riba shi ne na abin sha. Gwangwanin lemo mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan giram 35, wajen ƙaramin cokali 9, kuma ba ya ƙosarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da jiki ke samu daga abinci a yini, wanda ga mutane da yawa bai wuce giram 50 ba. A mayar da ruwa abin sha na yau da kullum.

Bayan haka, a tsayar da lokutan cin abinci. Matashin da ya makara yakan fita bai karya ba, ya wuni da ƙwalama, ya dawo ya cika ciki da dare, ya kwanta da ƙwannafi, ya tashi ba ya jin yunwa. A warware wannan ta hanyar karin kumallo mai riƙe ciki, ko da kaɗan ne, da gama abinci mai nauyi awa biyu zuwa uku kafin kwanciya. A ƙara ganye da 'ya'yan itace da abinci mai gina jiki. Gidan gaba ɗaya ya canza tare. Kada a ware wa yaro ɗaya kwanonsa daban kowa na kallo.

Jikin da ke girma ba a yi masa horon yunwa. Ga matasa da yawa burin shi ne nauyi ya tsaya wuri ɗaya yayin da tsawo ke ƙaruwa. Shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a intanet a nisance su baki ɗaya.

Mataki na bakwai: motsa jiki

Ana so 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu kimanin minti 60 a rana na motsin da ke sa numfashi ya ɗaga, amma kashi 81 cikin ɗari na matasan duniya ba sa kaiwa, bisa alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda bai saba ba ya fara da minti 15 na tafiya da sauri, ya riƙa ƙarawa. Mai ƙiba yakan ji kunyar filin wasa, don haka a bar shi ya zaɓi abin da yake so da wurin da ba za a yi masa dariya ba. Motsa jiki na ƙara nauyin barci da kaifin hankali tun kafin sikeli ya nuna komai.

Mataki na takwas: ku sauya tsarin karatu

Barci na tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne kimanin minti 90. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, kuma a lokacinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya da rana, jiki kuma ke sakin mafi yawan sinadarin girma. Barcin mafarki ya fi yawa gab da wayewar gari, yana da hannu wajen daidaita zuciya da haɗa sabon ilimi da tsoho. Ɗalibin da ya raba dare yana bita ya zuba ruwa ne a kwando: ya karanta, amma ya hana ƙwaƙwalwar lokacin da za ta riƙe, ga shi kuma zai shiga jarrabawa da hankali a warwatse.

A raba karatu kashi-kashi a cikin mako. Darasi mai wuya a yi shi da wuri, bayan an dawo an huta. Minti 25 zuwa 30 na karatu ba waya a kusa, sai ɗan hutu. Ya rufe littafi ya gwada tuno abin da ya karanta, domin hakan ya fi maimaita karantawa kama ƙwaƙwalwa. A daren jarrabawa a rufe littafi a lokacin da aka saba.

Yadda za ku yi masa magana

Duk matakan nan suna iya rushewa a kan kalma ɗaya. Tsokana da gori a kan jiki ba sa rage nauyi. Abin da aka sha gani shi ne suna ƙara ci a ɓoye da ƙin fita da baƙin ciki, baƙin cikin kuma ya hana barci. Ku cire nauyi daga bakin maganar. «Ɗana, na ga kana tashi a gajiye, me ke hana ka barci?» ta fi buɗe ƙofa fiye da duk wata nasiha a kan ƙiba. «'Yata, wane darasi ne ya fi yi miki nauyi da safe?» Sannan ku yi shiru ku saurara. Wani lokaci amsar ba waya ba ce. Tsoron jarrabawa ne, ko cin zali a makaranta, ko damuwar da ya rasa wanda zai faɗa wa. Ku hana 'yan'uwa da baƙi laƙaba masa sunan tsokana, ko da da wasa suke yi.

Rama ma na cikin wannan lissafi. Matashiyar da ke tsallake abinci, tana ramewa da sauri, tana yawan duba madubi ko shiga banɗaki da an gama ci, tana buƙatar likita da gaggawa, kuma ana samun haka a maza ma. Yunwa na hana barci, tana dusashe tunani. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya fi yawa a 'yan mata bayan fara al'ada, na kawo kasala da rashin maida hankali da wani irin motsin ƙafa marar daɗi da dare, kuma ana samunsa har a masu ƙiba. Gwajin jini ke nuna shi.

Bayan mako shida

Ku sake cike takardar barci na mako guda ku ajiye ta kusa da ta farko. Abin dubawa shi ne ko awannin barci sun ƙaru, ko tazarar ranar hutu ta ragu, ko makin da yake ba kansa a darasin farko ya ɗaga, ko ciye-ciyen dare ya ja baya. Ku tambayi malaminsa ko har yanzu yana gyangyaɗi. Nauyi shi ne na ƙarshen motsawa, a auna shi bayan wata uku.

Kada ku jira mako shidan idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: yankewar numfashi da dare, barci da ke kwashe shi farat ɗaya da rana ko da ya kwana da kyau, yawan ƙishirwa da yawan fitsari, fatar bayan wuya ko hammata da ta yi duhu da kauri kamar dauɗar da wanka ba ya fitarwa, wadda kan nuna jiki ya fara bijire wa insulin (sinadarin da ke daidaita sukari a jini), al'adar da ta rikice ko ta tsaya, nauyin da ya hau ko ya sauka da sauri ba dalili, ko baƙin cikin da ya wuce mako biyu. Idan ya furta cewa ya gaji da rayuwa, a ranar za a nemi taimako. Ku tafi wurin likita da takardun barcin, da sautin minsharin idan kun ɗauka, da jerin duk magungunan da yake sha, domin wasu magunguna na ƙara nauyi ko su hana barci. Ku kuma ba shi damar ganawa da likitan shi kaɗai na 'yan mintuna.